Yadda ake zaɓen saitin kwamfutar inji da sauya shi a tsofaffin motocin gudu masu injekta

Motocin gudu da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa 1995 sun rabu da kafireto sun koma injekta, amma kwamfutar da ke tafiyar da injinsu ba ta kai irin ta yau ba, wadda ake sake wa bayanai ta soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari. A yawancinsu saitin yana rubuce ne a cikin wani ɗan ƙaramin cif da ke cikin akwatin kwamfutar, don haka wanda yake son canza shi zai bi ɗaya daga cikin hanyoyi uku: ko ya sauya akwatin gaba ɗaya da na wata mota, ko ya cire cif ɗin ya sa wani, ko kuma ya ɗora wani cif a wata ƙofa ta musamman domin ya danne na asali. Aikin hannun bai da wuya sosai. Inda ake samun asara shi ne wajen zaɓe.

Saiti tarin jadawali ne da lambobi da ke bayyana wa kwamfuta irin injin da take hawa a kai. A cikinsa aka rubuta yawan man da injekta ɗaya ke fesawa a awa, da ma'anar kowane ƙarfin wuta da sensar iska za ta aiko, da lokacin da fulogi zai ba da tartsatsi a kowane gudu da kowane nauyin aiki, da saurin juyin inji a silo, da iyakar juyin da za a yanke mai idan an kai. Kwamfutar ba ta da hanyar sanin ko waɗannan bayanai sun dace da ƙarfen da ke gabanta; abin da aka rubuta mata shi take ɗauka gaskiya. Saboda haka tambayar da ya kamata mai mota ya fara yi ita ce, wane saiti ne ya yi daidai da kayan da ke jikin injinsa a yau, domin shaharar wata lamba a bakin masu harkar ba ta nuna cewa za ta yi aiki a kowane inji.

A fara da karanta takardar da ke liƙe a jikin akwatin, a kuma rubuta duk abin da ke kanta. A Ford Mustang mai injin lita 5.0, kwamfutar tsarin EEC-IV tana da soket mai fin 60, kuma a kusa da soket ɗin akwai lamba mai haruffa uku ko huɗu: A9L ita ce ta motar giyar hannu daga 1989 zuwa 1993, A9P ta otomatik, X3Z kuma ta Mustang Cobra ta 1993. A motocin General Motors masu tsarin injekta na TPI, wato Camaro da Firebird da Corvette, lambobi biyu ne. Akwai lambar akwatin kansa, kamar 1227165 da aka yi amfani da ita daga 1986 zuwa 1989 ko 1227730 ta Camaro da Firebird daga 1990 zuwa 1992, sannan akwai haruffa huɗu kamar ARAP ko AUJP waɗanda su ne sunan saitin. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai, domin akwatin 1227730 an sa shi a motoci da dama har da masu silinda 6, kuma abin da ke mayar da shi na wata mota takamaimai shi ne harsashin MEMCAL, wato ɗan gidan da ke ɗauke da cif ɗin saiti, da ake cusawa a ciki. A Honda na 1992 zuwa 1995 ana duba tsakiyar lambar kaya, kamar P28 a cikin 37820-P28-A01, tare da haruffan ƙarshe da ke nuna kasuwar da aka yi wa motar da irin giyarta. A BMW kuwa ana kiran kwamfutocin Bosch Motronic da lambobi ukun ƙarshe, kamar 173 ta E30 325i ko 413 ta E36 mai VANOS, wato tsarin da ke sauya lokacin buɗe bawul. Kada a dogara da takardar waje kaɗai, domin akwatin da ya shekara talatin yana yawo daga hannu zuwa hannu yana iya ɗauke da cif ɗin da ba nasa ba. A buɗe a gani.

Babban abin da ke raba saiti da saiti shi ne yadda kwamfutar ke gane yawan iskar da ke shiga inji. Wasu motocin suna da mita a bututun iska wadda ke auna nauyin iskar kai tsaye. Wasu kuma ba sa aunawa, lissafi suke yi: suna duba matsin iska a cikin manifol da zafinta da saurin juyin inji, sai su nemi amsa a wani jadawali da injiniyoyi suka cika bisa yadda injin asali ke shaƙar iska. Tsari na biyu yana aiki lafiya muddin injin yana nan yadda ya fito, amma da zarar an sa kamshaf mai tsawon buɗewa ko kawunan silinda masu faɗin hanya, jadawalin ya daina faɗin gaskiya, sai silo ya riƙa hawa yana sauka, motar ta riƙa mutuwa a tsaye, hayaƙi ya yi baƙi. Wannan ne dalilin da ya sa masu Mustang na 1986 zuwa 1988, waɗanda yawancinsu na lissafi ne, suke komawa kwamfutar A9L ko A9P idan sun taɓa cikin inji, domin daga 1989 Ford ya mayar da dukan Mustang 5.0 kan mitar iska, bayan ya fara da motocin Kalifoniya a 1988.

Amma wannan sauyi ya wuce cire akwati a sa wani. Dole a sa mitar iskar kanta, a ja mata wayoyi zuwa fin na 50 da na 9, a mayar da wasu wayoyin na'urorin hayaƙi zuwa wuraren da sabuwar kwamfutar ke nemansu, a haɗa sensar gudun mota idan babu, sannan a cire tiyon da ke zuwa sensar matsi daga manifol domin a sabon tsarin matsin iskar waje kawai take karantawa. General Motors kuwa baya ya yi: ya bar mitar iska a 1989 ya koma lissafi a 1990, don haka wanda zai tashi daga 1227165 zuwa 1227730 sai ya sake jera wayoyin soket ɗinsa ɗaya bayan ɗaya da zanen wayoyi na motocin biyu a gabansa. A ganina babu tsarin da ya fi ɗan'uwansa a kowane hali. Mai mita yana haƙuri da sauye-sauyen inji, mai lissafi kuma yana ba da sakamako mai kyau idan akwai wanda zai zauna ya gyara jadawalinsa da awo.

Abu na gaba shi ne girman injekta, kuma a nan lissafin a fili yake. Mustang GT ya zo da injekta masu fesa laba 19 a awa, Cobra ta 1993 kuma da masu laba 24. Idan aka sa masu 24 a ƙarƙashin saitin da ke zaton 19 ne, man da zai shiga zai ƙaru da kusan kashi 26 cikin ɗari, abin da ya fi ƙarfin gyaran da kwamfutar ke iya yi da kanta. Idan aka yi akasin haka, wato kwamfutar X3Z a kan injekta masu 19, man zai yi ƙaranci, kuma ƙarancin mai a cikakken totur shi ne ke ƙona fistin. Haka abin yake a TPI, inda injin 305, wato mai lita 5.0, ke da masu laba 19, injin 350 mai lita 5.7 kuma masu 22, saboda haka saitin ɗaya ba ya zama a kan ɗaya sai an gyara wannan lamba. An daɗe ana sayar da mitocin iska da aka ce an daidaita su da manyan injekta, kuma ya kamata a fahimci abin da suke yi. Irin wannan mita tana gaya wa kwamfuta cewa iskar da ke shiga ba ta kai yadda take ba, domin kwamfutar ta rage lokacin buɗe injekta. Man yana iya fitowa daidai, amma da wannan awon ne kwamfutar ke ƙiyasta nauyin da ke kan inji, kuma idan ta ɗauka nauyin kaɗan ne sai ta gaggauta tartsatsi fiye da yadda ya dace. Ni dai na fi amincewa da a rubuta ainihin girman injekta da ainihin jadawalin mita a cikin saiti, a bar kowace sensa ta faɗi gaskiya. A kuma auna juriyar injekta da mitar lantarki kafin a haɗa, domin masu ƙaramar juriya, kamar na wasu Honda Prelude, suna jan wuta mai yawa kuma suna iya ƙona hanyar wutar kwamfutar da aka yi don masu babbar juriya idan babu akwatin resista a tsakani.

Irin giya ma yana shiga lissafi. Saitin otomatik yana da nasa saurin silo da nasa tsarin tartsatsi, kuma a wasu motocin shi ke kulle tok-kanbata. A Mustang na wancan zamani akwai wani tarko sananne: ɗan reshen wayoyin da ke zuwa sensocin oksijin ya bambanta tsakanin motar giyar hannu da ta otomatik, kuma idan aka sa kwamfutar giyar hannu a kan reshen otomatik, wutar tayar da mota tana iya bin layin fin na 46 ta ƙona shi a kan allon kwamfutar. Wannan layi shi ne at, wato hanyar da wuta ke komawa, na sensoci da yawa, don haka idan ya yanke sai lambobin matsala su fito da yawa lokaci guda. A duba kuma jerin tashin silinda. Injin 5.0 HO, wato mai ƙarin ƙarfi da ke cikin Mustang, yana bin 1-3-7-2-6-5-4-8, na manyan motocin Ford marasa HO kuma 1-5-4-2-6-3-7-8, kuma tun da kwamfutar tana buɗe injekta ɗaya bayan ɗaya bisa wannan jeri, saitin da bai dace da kamshaf ba zai riƙa fesa mai a lokacin da ba nasa ba.

Akwai ƙananan abubuwa da ke hana mota tashi ko su kunna fitilar gargaɗi. Corvette daga 1986, da Camaro da Firebird daga ƙarshen shekarun 1980, suna da tsarin hana sata na VATS mai ɗan resista a jikin makulli, kuma saitin da ke jiran wannan alama ba zai buɗe injekta ba a motar da ba ta da shi. BMW E36 da aka ƙera daga Janairun 1995 tana da tsarin EWS da ke ɗaure kwamfuta da makulli, shi ya sa masu dashen inji ke neman 413 mai jar takarda wadda ta riga wannan tsari. Kwamfutar Honda P72 tana neman sensar ƙwanƙwasa da bawul ɗin da ke sauya hanyar iska a manifol, P28 kuma ba ta neman ko ɗaya. Saitin TPI na kafin 1989 yana dogara da wata ƙarin injekta, ta tara bayan takwas na silinda, don tayar da inji mai sanyi, na 1989 kuma ya daina. Ingancin fetur ma yana cikin abin da aka rubuta saitin dominsa. Kwamfutocin kasuwar Japan galibi an tsara tartsatsinsu ne don fetur mai oktan sosai, kuma suna yanke gudu a kilomita 180 a awa. A lura cewa lambar oktan da ake rubutawa a Amurka ba ita ce ta Turai da Japan ba, domin 93 na Amurka ya yi kusa da 98 a ma'aunin RON na Turai da Japan.

Kafin a taɓa kwamfuta, wajibi ne a tabbatar injin yana da lafiya, domin sabon saiti ba ya gyara tiyon da ke tsotsar iska ko famfon man da ya gaji, sai dai ya ɓoye matsalar na ɗan lokaci ko ya ƙara ta. A auna matsin kowace silinda, a auna matsin mai da tiyon regileta a cire, wanda a Mustang 5.0 yake kusan psi 39, a duba fulogi da wayoyinsu, a tsaftace wayoyin at da ke ɗaure a jikin mota da inji, a karanta lambobin matsala da tsohuwar kwamfutar ta ajiye a rubuta su. Ita ma kwamfutar da za a sa a duba cikinta da haske mai kyau. Kafasitocin da ke cikin akwatunan wannan zamani suna tsufa su zubar da ruwa mai cin layukan tagulla, abin da ya yi ƙamari a A9L da kuma kwamfutocin Mitsubishi Eclipse da Eagle Talon na farkon shekarun 1990. Idan aka ga ƙafar kafasita ta yi kore ko allon ya yi tabo a kusa da ita, a canza su kafin komai, in ba haka ba za a ɗora wa saiti laifin da ba nasa ba.

Wajen sauyawar kanta, a kashe makulli a cire wayar batir ta at, sannan a taɓa ƙarfen mota domin a sauke wutar jiki kafin a kama allo. A General Motors ana buɗe ɗan murfi ne a ture maƙalai biyu a ɗaga MEMCAL, kuma a tuna cewa harsashin ba cif kaɗai ya ƙunsa ba, yana da resistocin da ke gaya wa kwamfuta yawan silinda da waɗanda ke tafiyar da mota a hankali idan cif ya mutu, shi ya sa ake amfani da adafta a ɗora sabon cif a bar harsashin V8 na asali a wurinsa. A Ford ba a cire cif ɗin ciki. Ana cusa sabon ne a ƙofar J3 da ke bayan akwatin, bayan an kankare man kariya da ke kan haƙoranta na tagulla har su yi ƙyalli ta fuska biyu, a kuma ɗaure shi da tef don kada girgiza ta kwance shi. A Honda sai an yi aikin dalma: a sa soket mai ƙafa 28, da cif ɗin 74HC373, da ƴan kafasita da resista, sannan a haɗa gadar J1 wadda ke umartar kwamfuta ta karanta cif na waje. Yanke wannan gada yana mayar da ita saitin asali, abin da ke da amfani sosai wajen gano matsala. A kowane hali a dubi ɗan yankan da ke gefe ɗaya na cif a daidaita shi da na soket, domin juya shi baya yana iya kashe shi nan take.

Wanda zai rubuta cif da kansa ya fara karanta na asali ya adana kwafinsa a wurare biyu. Tsohon cif irin 27C256 yana ɗaukar kilobait 32 kuma sai da hasken ultrabayolet ake goge shi ta ɗan gilashin da ke bayansa, shi ya sa aka fi amfani da 27SF512 wanda ake gogewa da lantarki. Amma shi kilobait 64 yake ɗauka, don haka fayil mai 32 dole a ajiye shi a rabin sama, daga adireshin 8000 zuwa FFFF, mai 16 kuma daga C000. Kuskure a nan shi ne ya fi yawan hana mota tashi bayan an sa sabon cif. Haka kuma fayil ɗin da ke fassara wa manhaja wuraren jadawali dole ya dace da tsarin saitin, misali $6E na TPI na 1989 ko $8D na 1990 zuwa 1992, domin idan aka buɗe saiti da fassarar wani za a riƙa canza lambobin da ba a san aikinsu ba. Bayan kowane gyara a tabbatar manhajar ta sabunta jimillar tantancewa, wato lambar da kwamfuta ke dubawa ta san fayil bai lalace ba.

Idan an mayar da batir, a murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, a saurari famfon mai ya yi aiki na ɗan daƙiƙu ya tsaya. Famfon da bai tsaya ba, ko fanka da ta tashi da kanta, ko fitilar gargaɗi mai ƙyaftawa da sauri, duk alamu ne cewa kwamfutar ba ta karanta cif ɗin, sai a kashe a sake dubawa. A General Motors haɗa fin A da B na soket ɗin gwaji na ALDL zai sa fitila ta nuna lamba 12 idan komai na tafiya, 51 na nufin matsalar cif, 41 kuma na nufin harsashin bai dace da yawan silinda ba. A Ford lamba 11 ita ce ta lafiya. Bayan inji ya tashi ya yi zafi, a saita taimin na tushe da fitilar taimin, domin duk jadawalin tartsatsi a kansa aka gina shi: digiri 10 kafin fistin ya kai ƙololuwa a Mustang tare da cire ɗan fulogin SPOUT, wanda ta cikinsa kwamfuta ke sarrafa tartsatsi, digiri 6 a TPI tare da raba wayar EST mai irin wannan aiki, digiri 16 a Civic tare da haɗa soket ɗin sabis. Wanda ya riga ya murɗa distirbuta gaba don neman ƙarfi, sannan ya ɗora cif da shi ma ya ƙara tartsatsi, ya tara ƙari biyu a wuri ɗaya, kuma wannan haɗi ya lalata injuna masu yawa.

Cire batir yana goge abin da kwamfutar ta koya, don haka a ba ta lokaci a silo da tafiya mai sauƙi kafin a yanke hukunci. Daga nan sai awo. Jin cewa mota ta ƙara ƙarfi ba hujja ba ce, domin ƙaramin sauyi a yadda totur ke amsawa yana ruɗar ƙafa. A General Motors lambar BLM tana nuna gyaran da kwamfuta ke yi: 128 na nufin saitin ya dace, sama da haka tana ƙara mai ne saboda ya yi kaɗan, ƙasa da haka tana ragewa. Sensar oksijin ta asali tana iya nuna ko cakuɗar ta haura ko ta gaza kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, amma ba ta iya faɗin da nawa, kuma a cikakken totur kwamfutar ma ba ta sauraronta. Saboda haka sai an ɗaura sensa mai faɗin zango a salansa. Injin da ba shi da turbo yana son kimanin 12.5 zuwa 13 a cikakken totur, mai turbo kuma ya fi son ƙasa da haka, wajen 11.5. Idan lambar ta doshi 14 ana tsakiyar taka totur, ko aka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, a ɗaga ƙafa nan take. Irin wannan gwaji wurinsa na'urar daino mai auna ƙarfin inji ne ko filin tsere. A riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda, a rubuta sunan fayil da abin da aka canza a jikin kowane cif.

Game da cif ɗin da ake saya a shirye, a tambayi mai sayarwa lambar saitin da ya gina a kai, da girman injekta, da oktan da ya yi wa lissafi, da taimin na tushe da yake so. Wanda ya kasa amsa waɗannan bai cancanci a ba shi amanar inji ba. A kuma san dokar inda motar za ta hau titi, domin a Amurka dokar tsaftar iska ta hana kashe na'urorin rage hayaƙi a motar hanya, kuma a Kalifoniya cif ɗin kasuwa sai yana da lambar izini daga CARB, hukumar kula da tsaftar iska ta jihar, kafin motar ta wuce gwajin hayaƙi. Akwatin asali da cif ɗinsa a ajiye su cikin jakar da ke kare wutar jiki, a wuri marar danshi, tare da takardar da aka rubuta matsin mai da taimin da lambobin matsala na ranar da aka cire su.